Sunan Da Aka Kankare: Labarin Squier, Jitar Masu Koyo

 Waɗanda data ta hana su sauraro, ga rubutun shirin kamar yadda muka saba.

Yau ba zaɓe, ba yajin aiki, ba tsadar fetur. Yau jita za mu yi. Na san wani zai ce, "Kai kuma mene ne haɗinka da jita?" To ku ɗan yi mini haƙuri. Labarin wata jitar lantarki ce mai araha da ake kira Squier Stratocaster, wadda ɗimbin masu koyo a duniya da ita suke farawa. Ni kuma ban san tarihinta ba sai da aka damfare ni da ita.

Lokacin ina bautar ƙasa muna tara yaran unguwa duk ranar Asabar, a yi musu ɗan karatu, a yi muhawara, a buga ƙwallo. Na lura akwai waɗanda ƙwallo ba ta dame su ba, karatun ma a dole suke zama, amma da an kunna waƙa sai ka ga sun farfaɗo. Sai na ce bari in nemo abin kiɗa ko guda ɗaya. Na tara alawina na wata uku, na nufi wani shagon kayan gwanjo. Ga ta nan a rataye, baƙa, mai farin ƙirji, a kanta an rubuta Fender. Mai shagon ya rantse mini cewa orijinal ce daga Amurka, wani Bature ne ya gaji da ita. Ni ɗan abin da na sani shi ne Fender babban suna ne. Na biya, na rungumo ta a kan acaɓa ina ta washe baki.

Akwai wani yaro, ba zan faɗi sunansa ba, shekararsa sha biyar a lokacin. Shi ya fi kowa maitar jitar nan. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tafiya. Sati uku yana fama, sai ya ɗauke ƙafa. Wallahi har a gaban sauran yaran na ce, "Kun gani ko? Yaran yanzu ba juriya. An kawo muku Fender guda, amma ɗan zafin yatsa ya kore shi." Ku riƙe wannan maganar tawa, za mu dawo kanta.

Bayan wasu watanni jitar ta fara wani irin ƙugi idan an jona ta. Aka yi mini kwatancen wani dattijo da ya shekara da shekaru yana kaɗa wa coci jita, kuma yana gyara. Na kai masa, ina cewa, "Baba, a bi ta a hankali fa, Fender ce." Bai ce komai ba. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya shafa kan da babban yatsa, sannan ya kifa ta a cinyarsa. A bayanta, inda wuya ya haɗu da jiki, akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai sukurori huɗu. Ya goge shi da bakin riga, ya ce, "Ɗana, karanta." Na duba, an zana Squier. Ashe kankare sunan da ke kai aka yi da sanfefa, aka manna sitikar Fender, amma aka manta da na baya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ashe jabu ce. Baba ya yi dariya ya ce, "Sitikar ce jabu. Jitar ta gaskiya ce, kuma ƴar gidan Fender ɗin ce. Wanda ya kankare sunan nan bai san abin da ya kankare ba." Wannan maganar ce ta sa na shiga bin diddigi.

Mu fara da shi Fender ɗin. Leo Fender mutumin Kalifoniya ne, an haife shi a 1909. Akanta ya karanta, amma rediyo ce ta tafi da hankalinsa, ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton a 1938. Abin da zai ba ku mamaki, mutumin nan bai iya kaɗa jita ba. Mai gyara ne, kuma da idon mai gyara ya kalli abin. Jitar lantarki ba ta buƙatar ƙoƙo kamar garaya ko molo. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai abin da ake kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ta haifar da ɗan lantarki kaɗan, amfilifaya ta karɓa ta ƙara masa ƙarfi, lasifika ta fitar. Tunda haka ne, Leo ya ce me zai sa a wahala? A yanko katako ɓargo guda a yi jiki, a yi wuya daban, a ɗaure su da sukurori huɗu. Wuya ya lalace? Kwance, sa wani. A lokacin masu ƙera jita irin ta gargajiya sun yi ta yi masa dariya, don su manna wuya suke yi da gam, aikin ƙwararrun kafintoci. Shi kuwa abin da yake so shi ne jitar da ma'aikaci zai iya haɗawa a layin masana'anta, kamar yadda ake haɗa keke.

A 1954 ya fito da Stratocaster, mai fikof uku, mai ƙaho biyu, da ɗan hannun ƙarfe da ake dannawa sauti ya lanƙwasa. Ko ba ka san sunanta ba ka san siffarta, don idan aka ce yaro ya zana jitar lantarki, ita zai zana. Farashinta a lokacin dala 249 da santi 50, kusan albashin wata guda na ma'aikacin masana'anta a Amurka. Ba ta masu koyo ba ce. Don su kamfanin ya yi wasu ƙanana masu gajeren wuya, Musicmaster da Duo-Sonic a 1956, sai Mustang a 1964. Amma kun san halin matashi, ba ya son a ce masa ga ta yara. Irin wadda ya gani a hannun gwaninsa yake so.

Sunan Squier kuma daga ina? Nan ne abin ya burge ni. Ba sunan jita ba ne tun asali, sunan wani mutum ne, Victor Carroll Squier, mai ƙera goge irin na Turawa, da ya buɗe shagonsa a garin Battle Creek na jihar Michigan a 1890. Daga baya ya koma yin tsirkiya. Da ciniki ya yi yawa hannu ya gaza, sai shi da yaransa suka ɗauki keken ɗinki mai feda, irin na telolinmu, suka mayar da shi injin naɗa tsirkiya. Kamfanin ya daɗe yana yi wa Fender tsirkiya, har Fender ta saye shi a 1965. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 aka daina amfani da sunan, aka jefa shi a durowa.

A wannan shekarar dai ta 1965 Leo ya sayar da kamfaninsa ga CBS, babban kamfanin rediyo da talabijin, a kan dala miliyan 13. Kun san abin da kan faru idan masu lissafin riba suka karɓi aikin masu sana'a. Aka ƙara yawan abin da ake fitarwa, aka fara rage nan, a rage can. Fenti ya yi kauri kamar roba, jitocin suka yi nauyi, sukurorin wuya suka koma uku, kuma sau da yawa ramin da wuyan ke zama bai matse shi da kyau ba. Ba duka ne suka lalace ba, a yi adalci, amma makaɗa suka fara cewa tsohuwar Fender ta kafin CBS ta fi sabuwa. Ta gwanjo ta fi ta kanti daraja.

Su wa suka ji wannan ƙorafin? Mutanen Japan. Kamfanoni irin su Tokai da Greco da Fernandes suka nemo tsofaffin Stratocaster na shekarun 1950 da farkon 1960, suka warware su ɗaya bayan ɗaya, suka auna komai, suka kwaikwaya. Ƙirar da Leo ya sauƙaƙa don masana'antarsa, ita ce ta sauƙaƙa wa masu kwafi. Da farko ana raina su, yadda muke raina "ɗan China" yanzu. E, akwai lokacin da "ɗan Japan" zagi ne. Amma zuwa ƙarshen shekarun 1970 kwafin ya kai inda ya fi sabuwar Fender ta Amurka kama da Fender ta asali, ga shi kuma da araha. A Turai da Japan ciniki ya fara kuɓuce wa masu sunan.

Ana iya zuwa kotu, kuma Gibson ta gwada a 1977, ta kai ƙarar masu shigo da Ibanez Amurka a kan siffar kan jita. Fender ta bi wata hanya. A 1981 CBS ta ɗauko sababbin shugabanni daga reshen Yamaha na Amurka, cikinsu akwai Bill Schultz da Dan Smith. Shawarar da suka yanke ita ce, tunda waɗannan mutanen sun iya, mu je mu same su. A watan Maris na 1982 aka kafa Fender Japan tare da kamfanonin Kanda Shokai da Yamano, aka ba masana'antar FujiGen da ke Matsumoto aikin ƙerawa. Ku lura fa, Kanda Shokai su ne masu Greco, FujiGen kuma ita ke ƙera musu. Wato waɗanda jiya ake kira ɓarayin fasaha, yau su aka ba hatimi. Dan Smith ya ba da labari daga baya cewa da samfurin farko ya iso Fullerton, ma'aikatan da suka taru dubawa saura kaɗan su yi kuka, don abin da suke ta fama su yi ne suka gani an yi shi a wata ƙasa.

Sai matsalar suna. Idan ka rubuta Fender a kan mai araha, wa zai sayi mai tsada? Sai wani ya tuna da sunan nan da ke kwance a durowa. Na farkon da aka kai Turai a 1982 an rubuta Fender da manyan baƙaƙe, Squier ƙarami a gefe. Ba a jima ba aka juya, Squier ya zama babba, Fender ya koma ƙarami a ƙasansa. Lambar waɗannan na farko tana farawa da JV, kuma yau masu tara kayan tarihi farautarsu suke yi, suna biyan kuɗin da ya ninka na wasu sababbin Fender. Jitar da aka yi don marasa kuɗi ke nan.

Ga wanda ya fi wannan. A 1985 CBS ta gaji, ta sayar da Fender ga Bill Schultz da abokansa a kan dala miliyan 12 da rabi, ƙasa da yadda ta saya shekara ashirin baya. Amma cinikin bai haɗa da masana'antar Fullerton ba. Suna da suna, ba su da inda za su ƙera komai. Kafin sabuwar masana'antarsu ta garin Corona ta tsaya da ƙafarta, jitocin Japan ne suka riƙe kamfanin. Ƙanwar da aka ƙi ba wa sunan gida, ita ta ciyar da gidan. Duk wanda ya taso a gidan yawa ya san irin wannan.

Kar in yi ta zuba yabo kamar an biya ni, don daga nan labarin ya ɗan yi duhu. A Satumban 1985 manyan ƙasashe biyar suka yi yarjejeniyar Plaza a New York don a karya darajar dala. Kafin nan dala ɗaya tana kusan yen 240, cikin shekara biyu ta faɗo ƙasa da 150. Kayan Japan suka yi tsada a waje. Mu da muka ga abin da canji ya yi wa farashin waya da magani ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sai aka kwashi aikin Squier aka kai Koriya ta Kudu wajen 1987. Da albashin Koriya ya tashi, aka wuce China da Indonesiya a shekarun 1990. A tsakanin nan an yi wasu da jikinsu falawud ne aka lulluɓe da fenti, da maɗaurai masu sakin tsirkiya kana cikin kiɗa. Daga nan ne sunan ya samu tabon da har yau yake bin sa. Yamaha ta ga ƙofa, ta fito da Pacifica 112 a 1993 da jikin katako na gaske, har da wadda ba a rufe ta da fenti mai kauri ba don mai saye ya ga ƙwayar itacen da idonsa. Gasa ta tilasta wa Fender ta gyara. Ajin Affinity ya zo a ƙarshen shekarun 1990, ana haɗa shi a kwali ɗaya da ƴar amfilifaya da igiyar ratayawa da wayar jonawa, uba ya saya wa ɗansa a tashi ɗaya. A 2008 aka fito da Classic Vibe, wadda ta sa har ƙwararru suka fara gyara zama. Yanzu injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanka katakon, ko a Kalifoniya ko a Indonesiya, shi ya sa tazarar ta ragu sosai.

Kuma araha ba daga sama take faɗowa ba, wani ne ke biya. Kamfanin Cort na Koriya, wanda masana'antarsa ta Indonesiya ke ƙera Squier da yawa, ya sallami ma'aikatansa na gida a 2007 ya karkata aikin zuwa ƙasashen waje. Mutanen nan, waɗanda suka shekara suna shaƙar ƙurar katako da fenti, suka kafa tanti suna zanga-zanga sama da shekara 12, sai a 2019 aka sasanta. Duk sanda na ɗauki tawa nakan tuna akwai hannun wani a jikinta wanda ba zan taɓa sanin sunansa ba.

Af, na kusa mantawa. A 2009 hukumar rajistar tambarin kasuwanci ta Amurka ta ƙi ba Fender mallakar siffar jikin Stratocaster, ta ce siffar ta riga ta zama ta kowa. Shi ya sa za ka ga jita mai wannan ƙirar da sunaye iri-iri, kuma a Amurka ba laifi suka yi ba. Laifin shi ne manna sunan wani, kamar yadda aka yi mini.

To wai da gaske ana iya yin abin kirki da ita? Jeff Healey, wani makaɗi makaho ɗan Kanada da ke kwantar da jita a cinya yana kaɗawa, da Squier ƴar Japan ya yi suna. Mike Rutherford na ƙungiyar Genesis, mutumin da zai iya sayen duk jitar da ya ga dama, kullen korona ya rutsa da shi a Cape Town, ya shiga kanti ya sayi Squier Bullet, mafi araha a gidan. Ta kwanta masa a rai har ya hau manyan dandamali da ita a rangadinsu na ƙarshe.

Mu dawo kusa da gida. Waɗanda ke saurarenmu daga Nijar sun san yadda jitar lantarki ta zama muryar Abzinawa, ba a biki a Agadas ba tare da ita ba. Mdou Moctar, wanda yanzu yake zagaya duniya da Stratocaster a hannun hagu, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, katako da wayar birkin keke, don a gidansu ba a yarda da kiɗa ba. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon muryar nan ta kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya da bulutut ya yaɗu. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa da kuntigi ya zagaya duniya, tsirkiya ɗaya da gwangwani. Ba ina cewa kayan aiki ba su da muhimmanci ba ne. Suna da shi, kuma yanzu zan gaya muku inda muhimmancin yake, don ba a kan sitika yake ba.

Ranar da na kai wa Baba jitar nan, bayan ya gama dariyar sitika, ya sake juyo ta ya ɗaga ta saitin idonsa, yana leƙen wuyan daga kai zuwa jiki kamar mai duba miƙewar katako. Ya ce, "Wa ke koyo da wannan?" Na ce yara. Ya ce, "Danna nan." Na danna tsirkiya a tsakiyar wuya, sai da na sa ƙarfi sosai kafin ta taɓa ƙarfen da ke ƙasanta. Ya ce, "Ni da na shekara talatin ina kiɗa ba zan iya minti goma da wannan ba. Wuyan ya lanƙwashe, tsirkiyar ta yi sama, ga tsatsa. Wannan ai wuƙa ka ba su."

Sannan ya sa na shafa gefen wuyan. Bakin ƙananan ƙarafan nan da ke jere a kai duk sun fito suna karce hannu. Ya ce aikin hunturu ne. Katakon da aka ƙera a ƙasa mai laima, idan iskar hunturunmu ta buge shi sai ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo.

Abin da ya yi bai kai awa ɗaya ba. A cikin wuyan kowace irin wannan jita akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da ɗan makulli mai kusurwa shida. Ya juya ta kaɗan, ya jira, ya duba, ya ƙara kaɗan. Ya ce wannan ba a yi mata gaggawa, wanda ya murɗa da ƙarfi zai iya kashe wuyan gaba ɗaya. Ya sauke ƴan ƙarafan da tsirkiya ke hawa a kansu ta wajen jiki, abin da masu garaya za su kira jaki. Ya goge bakin ƙarafan wuya da ƴar zarto mai laushi. Ya sa sababbin tsirkiyoyi sirara, ya ce mai koyo da sirara ake fara masa. Ƙugin kuma wata waya ce ta saki a ramin da ake jona igiya, ya ɗiga mata dalma. Ya gargaɗe ni cewa in muna kunna amfilifaya da janareto ko a gidan da wayarsa ba ta da atin, in muka ji tsirkiya tana ɗan jan hannu mu kashe nan take, ba abin wasa ba ne. Da ya miƙo mini ita na danna, sai na ji kamar ba ita ba. Ɗan taɓi kaɗan, sauti ya fito tas.

A nan jikina ya yi sanyi, don na tuna maganar da na yi a kan yaron nan.

Kamfanin Fender da kansa ya ce a bincikensa, cikin mutum goma da suka fara koyon jita, tara suna dainawa a shekarar farko. Su da suke da kantuna da masu saiti a kowane gari ke nan. Mu fa? Ina tunanin yara nawa ne a garuruwanmu aka ba jita mai lanƙwasasshen wuya, suka yi sati biyu yatsu na tsagewa, suka yanke wa kansu hukunci cewa ba su da baiwa. Mai araha da mai tsada duk suna buƙatar saiti. Bambancin shi ne mai tsada an ɓata lokaci a kanta kafin ta bar masana'anta, mai araha kuwa wannan awa ɗayar ce aka rage don farashi ya sauko. Kuma a nan wurinmu masu iya wannan awa ɗayar ba su da yawa, yawancinsu dattawa ne a coci-coci da tsofaffin ƴan bandi, ba wanda ke zuwa koyo a wurinsu. Muna da masu gyaran waya a kowane lungu, yaran da ke iya ɗaga abin da ido da ƙyar yake gani su mayar. Wanda ya iya wannan, dalmar jita wasa ce a wurinsa.

Don haka in za ka saya wa ƙaninka ko ƙanwarka, ko kai kanka, ga abin da Baba ya koya mini. Kar ka fara da karanta sunan da ke kai. Juya ta ka duba baya, ka ga faifan ƙarfen da lambar da ke bayan kai, da ƙasar da aka rubuta. In an ce maka Fender ce ta Amurka a farashin ƙaramar waya, ka san akwai magana. Leƙa wuyan ka ga ko ya miƙe. Danna kowace tsirkiya daga sama har ƙasa ka ji ko akwai inda sauti ke mutuwa. A jona maka ita a shagon, ka juya kowane maɓalli. Sannan cikin kuɗin da ka tanada ka ware na sababbin tsirkiyoyi da na mai saiti, ko da hakan na nufin ka sayi wadda ta fi araha.

Wani abu kuma da ban yi tsammani ba. Jitar lantarki idan ba a jona ta ba, sautinta bai wuce raɗa ba, na ɗaki na kusa ma ba zai ji ba. Kun san yadda ake kallon mai kiɗa a gidajenmu da yawa, balle mace. Cikin waɗanda suka fi nacewa a wurinmu yanzu akwai wata yarinya da ke aron ta ranar Lahadi, da sanin mahaifiyarta, ta yi ta atisaye a ƙuryar ɗaki ba tare da unguwa ta ɗauka ba. Ta riga ta wuce ni nesa, ko da yake wuce ni ba wani abin alfahari ba ne.

Shi kuma yaron, na neme shi. Na same shi a wata rumfar gyaran waya inda yake koyon aiki. Na ce masa, "Ka yafe mini, na yi maganarka a gaban yara, ashe laifin jitar ne da nawa." Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai na ɗauka hannuna ne bai dace ba." Na ce ya zo ya gwada ta yanzu. Ya zo sau ɗaya, ya kaɗa, ya yi shiru, ya ce lallai ta canza. Amma bai dawo ba, aiki ya riga ya riƙe shi, maigidansa ba ya ba shi Asabar. Abin da na samu na yi shi ne na haɗa shi da Baba, kuma ya je wurinsa sau biyu da ƙarfen dalmarsa. Ban san inda abin zai kai ba.

Sitikar kuwa na ɓare ta da farce a daren da na dawo daga wurin Baba. Kan jitar yanzu fari ne fes, ba rubutu, sai ɗan shacin inda sanfefa ta ci. In sabon yaro ya tambaye ni wace iri ce, sai in ce ya kifa ta ya karanta da kansa.

Nan za mu tsaya yau. Wanda ya san mai saitin jita a garinsu, ko Kano ne ko Jos ko Zariya ko Maraɗi, ya taimaka ya sanar da mu, akwai masu tambaya. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.